Zalɓe Ba Ya Jin "Kalli Nan"

Shekara ashirin da uku ina ɗaukar hoton mutane
a shagona na Tudun Wada, jikin mai gyaran rediyo.
In na ce a tsaya, a tsaya.
In na ce a gyara hula, ko alƙali ne sai ya gyara.
In na ce murmushi, mai ciwon haƙori ma ya washe.
Na zaci haka duniya take.

Sai Mama Kasham, da ta ajiye aikin jinya bara,
ta zo karɓar hoton takardun fansho,
ta ga doguwar kyamarata rataye a ƙusa.
Ta ce, "Mai wannan dogon hanci, ka kulle ta a ɗaki?
Asabar, in ka sallame asuba,
same ni a Kabala, bakin kogi."

Na je.
Raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa.
Mijinyawa ya turo kwalekwale, ya sa yatsa a baki,
wai nan ba a doguwar gaisuwa.
Muka ratsa kainuwa, muka bar gada a baya
da ƙugin motocin da ke sammakon Abuja.

Ita da madubin hangen nesa
da ɗan littafin da ruwa ya taɓa ci.
Ta rubuta: kirinjijiya, goma sha ɗaya.
Ya raɗa mata, "Sha biyu. Ɗaya ta nutse."
Ta tambayi gauraka.
Ya daɗe yana kallon tifofin yashi a ƙetare
kafin ya ce, "Rabona da kukanta a nan,
tun babana ke riƙe da wannan filafili."

Balbela fari fat a kan tsibiri,
ladin kogi na ɗan gudunsa a rairayi,
haske ya faɗo daidai yadda nake so.
Na ɗaga kyamara, bakina ya riga ni:
"Kalli nan!"

Fadama ta tashi sama gaba ɗaya.
Zakaran kekuwa ya bi mu da zagi har kwana.
Abin da na samu: ruwa, da ƙafafu biyu suna fita daga hoto.
Mama Kasham ba ta ce komai ba.
Gara a ce ta ce.

Asabar bakwai ina biyan sauro haraji.
Na koyi haɗiye tari.
Na koyi zama har ƙafa ta mutu, in ƙyale ta da mutuwarta.
Ni da ke ba mutane umarni,
ga ni ina jiran izinin tsuntsu.

A ta takwas zalɓe ya sauka,
taku goma tsakanina da shi.
Bai gyara wuya don ni ba.
Ya tsaya kamar mai bin kogi bashi,
ya san ranar biya, ba ya gaggawa.
Na danna sau ɗaya.
Numfashin da na riƙe, sai a gaɓa na sake shi.

Da dare, a shago, na buɗe shi a kwamfuta.
Ido rawaya, gashin ƙeya, ɗigon ruwa a baki,
komai ya fito.
Har da baƙar leda, naɗe a ƙafarsa ta hagu.

Hannuna ya san aikinsa.
Ƙuraje nawa na share a goshi,
tabo nawa, furfura nawa?
Minti biyu, leda ta ɓace, kogi ya zama na da.
Na zauna ina kallon kogin da na ƙirƙira
har aka ɗauke wuta.

Da safe na mayar da ledar.

Yana nan a bango yanzu,
tsakanin wani ɗan sanda da 'yan yayen makaranta.
Jiya wani yaro ya tsaya gabansa, ya ce,
"Baba, wa ya ɗaure shi?"
Ina neman amsa,
uwarsa ta miƙo min kuɗi a cikin leda.